An Toshe wa Mota Baki

Ladidi mai daddawa ba ta neman kujera a motar kowa. Duk ranar kasuwa gidan gaba nata ne a motar ɗanta Sada, daga Maska zuwa Funtua. Shi kaɗai ya rage mata a duniya. Shi ne cinta, shi ne suturarta.

Motar ta zamani ce, 'yar Kwatano. Ba a kunna mata fitila, da gari ya yi duhu take kunna abarta. To, da damina ta kankama sai ta fara shirme. Fitila ta kama da rana tsaka, ta ɗauke lokacin da ake nemanta. Ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa a allon gaban direba, ta ƙi mutuwa.

"Sada, wannan idon da ke kallona fa?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ba ya kunna wuta."

Da ta dame shi, ya kai motar wurin Malam Aƙilu mai na'urar duba mota a Funtua. Ita ma tana zaune a ciki, ta ji komai da kunnenta. Malam Aƙilu ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya ce irin wannan mota ƙwaƙwalwarta ba ɗaya ba ce. Akwai mai ganin duhu, akwai mai ba fitila umarni, kuma ta waya suke magana da juna. Maganar ce ke yankewa, wataƙila ruwan mashigi ya taɓa wani wuri.

"Ka bar min ita zuwa jibi, in bi wayar in gano inda take tsinkewa."

"Malam, gobe da jibi duk kasuwa gare ni," in ji Sada. Ya ja motarsa.

Bai zarce ko'ina ba sai gindin darbejiyar bayan tasha, wurin Bature rewaya, mai gyaran wayar mota. Bature ya ji bayani, ya yi dariya har da buga cinya.

"Ƙwaƙwalwa? Mota ce ko ɗalibar jami'a? Tun kafin a haifi mai kwamfutar nan nake wannan aiki."

Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya fizgo wayoyi, ya feɗe ɗaya da haƙori, ya murɗa ta da wata. Fitila ta kama. 'Yar wutar nan kuwa tana nan daram. Sai ya yago baƙin salatef ya manna a kanta, ya shafe da babban yatsa.

"Shi ke nan, ta mutu."

Ladidi ta ce, "Kai Bature, in jariri na kuka ka toshe masa baki, ya warke ke nan?"

"Gwaggo, ke dai ji da kalwarki, ki bar mana waya."

Mazan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Sada ma ya yi murmushi, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, aikinsu ne." Me tsohuwa ta sani?

Ba a yi mako biyu ba. Suna dawowa daga kasuwa gab da magariba, hadari ya haɗo, gari ya rufe kamar an kifa tukunya. Ruwa ya kece. Fitila ta kama, ta ɗauke, ta sake kamawa. Sada ya rage gudu yana neman inda zai raɓe. Sai komai ya mutu lokaci guda, fitila da abin share gilashi duka.

A gabansu akwai babbar mota da ta lalace a kan titi, an zuba ganye don alama. Wa zai ga ganye a wannan duhu? Abin da Ladidi ta ji na ƙarshe shi ne muryar ɗanta yana salati.

Ta farka a asibiti da karyayyen ƙugu. Sada kuwa har an kai shi makwancinsa, ba ta ko ga fuskarsa ba.

Da ta fara takawa da sanda, ba gida ta nufa ba. Gindin darbejiya ta je. Ta tarar da Bature a cikin wata mota, salatef rataye a yatsansa.

"Gwaggo, ya haƙuri? Kwana ne ya ƙare."

"Kwana ya ƙare, na sani, ban ja da Allah ba. Salatef ɗin fa? Shi ma ƙaddara ce ta manna shi?"

Ya ci gaba da aikinsa. Ta kai ƙara wurin shugaban masu gyara na tashar, aka ba ta ruwa, aka ce ta bar wa Allah. Ta je wurin mai unguwa, aka ce Sada da ƙafarsa ya kai motar. Gaskiya ne, da ƙafarsa ya kai, kuma ya biya da ransa. Shi wanda ya feɗe wayar, da me ya biya? Har yau yana nan a gindin bishiyarsa.

Ladidi ba ta iya daka kalwa yanzu. A bakin tasha take yini. Duk motar da ke lodi sai ta dogara sanda ta leƙa allon direba. In ta ga baƙin salatef, ta sa farce ta ɓanɓare, ta ce wa fasinjoji su dubi abin da ake ɓoye musu. Direbobi na ce mata ta zare. Ba ta zare ba, kuma ba ta yafe ba.

Jama'a, wutar da mota ke kunnawa kuka take yi muku. Direba, ka kai ta inda za a gano ciwon, ko da za ka rasa kasuwa. Kai kuma mai gyara, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Duk wanda ya rufe ciwo da salatef, ran da ya ci rai, kada ya laɓe bayan ƙaddara.