Hannun Ɗan Kamasho da Ƙafar Mawaƙi

Wallahi ko rantsuwa na yi maka har harshena ya bushe ba za ka yarda ba, amma gyara zama ka ji, in ya so ka ƙaryata ni daga baya.

An yi wani mawaƙi mai kukuma da ke yawon wasa gari-gari, direbobi da mahauta na son sa kamar ransu. Ran nan shi da 'yan amshinsa suna dawowa daga wasa a mota, taya ta fashe a gangaren gada, motar ta yi ta juyi har cikin kwazazzabo. Waɗansu matafiya suka ciro su suka yi gaba. 'Yan amshi aka wuce da su asibitin birni, shi kuwa mawaƙin, da cinyarsa ta karye, aka kai shi gidan wani tsohon mai ɗori a gari na kusa, bai ma san inda kansa yake ba. Kafin la'asar labari ya cika gari. Mahauta suka riƙa aiko da farfesun ƙafar sa, don an ce romonsa ke haɗa ƙashi. Direbobi suna kawo masu dubiya kyauta, mata kuwa suka jere kwanonin fura har ba wurin taka ƙafa. To, a tashar garin akwai wani ɗan kamasho, shaƙiyyi ne na ƙarshe, bai taɓa ganin banza ya ƙyale ba. Da ƙamshin romo ya dame shi, sai ya samo karan dawa da tsumma, ya ɗaure hannunsa na hagu, ya rataye shi a wuya, ya zauna ƙofar gidan yana nishi. Wai shi ya fara isa kwazazzabon, ya ɗaga motar da hannu ɗaya, ya janyo mawaƙi da ɗayan, a nan ƙashin ya ce ƙas. Nan da nan ya zama ɗan gata. Tsoka tasa, ɓargo nasa, har wata tsohuwa ta riƙa yi masa fifita tana kuka. Wuyansa ya soma yin kauri.

Da mawaƙi ya dawo hayyacinsa aka ba shi labarin wanda ya cece shi, sai ya rantse ba zai ƙara sa komai a baki ba har sai mai ɗorin da ke duba shi ya duba wannan bawan Allah. Ɗan kamasho ya ce ai ya ji sauƙi, ya ce yana da uzuri a tasha, ina! Masoya suka ɗauke shi cak, kamar ango, suka dire shi cikin ɗakin ɗori. Ya tarar ana gyara ƙafar mawaƙi: ƙartin mahauta sun danne shi a tabarma, tsohon ya kama ƙafar yana ja, muryar nan da ke cika fili ta koma kukan rago a hannun mai yanka. Da aka gama, tsohon ya goge man shanun hannunsa, ya kwance tsumman, ya bi hannun da yatsa tun daga kafaɗa har wuyan hannu, a hankali. Can ya ɗago ya ce, "Ɗana, wanda ya ɗaure maka ya cuce ka. Ya haɗe a karkace. Sai an sake karyawa." Ya sa aka kifa turmi, aka shimfiɗa hannun a kai, ƙartin nan suka danne shi, aka miƙo taɓarya. Ɗan kamasho ya dubi ƙofa, masoya sun cika ta maƙil suna yi masa addu'a, waɗansu da wuƙaƙen fawa a ƙugu. In ya yi shiru, hannu ya tafi. In ya yi magana, mutanen da ya cinye wa romon gwaninsu suna tsaye a kansa. Ya ji sanyin turmi a fatarsa, ya ga inuwar taɓarya ta tashi a bango, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

"Baba, tsaya! Lafiyarsa lau! Na rantse ko sauro bai cije shi ba!"

Wani mahauci ya soma naɗe hannun riga. Mawaƙi ne ya ɗaga yatsa daga kwance, ya ce kada wanda ya taɓa ɗan kamasho. Tsohon ya ajiye taɓarya ya ce madalla, dama abin da majinyacinsa ya rasa ke nan, mutum mai hannu biyu lafiyayyu wanda ya ƙoshi. Ɗan kamasho ne zai riƙa ɗaga mawaƙi, ya juya shi, ya yi masa wanka, ya fitar da bahaya, har ranar da ƙafar za ta taka ƙasa. Mawaƙi ya ƙara da cewa, cikin muryar da ta dushe, "In ka gudu kafin na miƙe, abokina, zan sa ka a waƙa. Ba tashar da za ka shiga ba a riga ka da ita ba." Ɗan kamasho ya san zambo ya fi taɓarya ciwo, don karaya tana warkewa, waƙa kuwa har jikoki. Sai ya sunkuya ya ɗauki kaskon bahaya da hannun nan da ya ɗaga mota, ya ratsa ta tsakiyar masoya, kowa na matsa masa hanya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.