Gadar da Aka Fara a Tabarmar Makoki

Tunda an ɗora maka wannan aikin hanya, Injiniya, bari in ba ka wani misali kafin ka tashi.

An yi wani kogi da ya raba ƙasashe biyu. A hayin gabas ake noman albasa, kasuwa da asibiti kuma suna hayin yamma. Kwale-kwale ne kaɗai hanya. Idan ruwa ya cika, albasa sai ta ruɓe a bakin gaɓa, wata damina ma kwale-kwalen ya kife da mata masu zuwa awon ciki. Sai wani banki ya yarda zai ba da rancen gina gada, da sharaɗin gwamnonin ɓangarorin biyu su sa hannu a takarda ɗaya. To, a nan gizo ke saƙar. Na gabas ya ce a ƙasarsa za a kafa shingen karɓar kuɗin haye, na yamma ya ce sai dai a tasa. Ga zaɓe na tafe, ba mai son a ce shi ya fara sunkuyawa. Aka yi ta aike har bankin ya gaji, ya ce idan kaka ta wuce zai kai kuɗinsa wani wuri.

Ana cikin haka mahaifiyar gwamnan yamma ta rasu. Mashawartan na gabas suka ce ya tura wakili, kada 'yan adawa su ce ya kai kansa. Ya ƙi. Ya tattare babbar riga ya shiga kwale-kwalen da kowa ke shiga, ruwa na ɓulɓulowa ana kwalfewa da ƙwarya. Ya isa gidan makoki da laka har gwiwa. Mai gida ya dube shi, ya matsa masa a tabarma. Bayan an shafa addu'a mai gidan ya ce, "Yallaɓai, a wannan jirgin ka zo?" Ya ce, "A cikinsa mutanenmu ke zuwa kullum."

Ba su yi maganar gada ran nan ba. Amma bayan sadakar bakwai na yamma ya haye ban gajiya da kansa, suka shirya: rumfar karɓar kuɗi ɗaya, ma'aikatan ƙasashen biyu a ciki, a biya banki, saura a raba. Suka sa hannu ana shirin yankan gero. Da labari ya kai bakin kogi, tsohon mai kwale-kwalen ya jingine sandar tuƙi, ya zauna a ƙasa ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya gode Allah, ya gaji da tsamo gawar mutanen da ya sani.

Saboda haka in magana ta cije, tashi ka je da kanka. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.