Tsakanin Ɗigo Biyu

"Baba, don Allah ɗaga gwiwarka, ka danne mini Gusau."

Tsohon ya janye daga kan faffaɗar takardar da ɗansa ya shimfiɗa a tabarma. Hutun nan ya zame wa ɗan azaba. Tunda aka ji yana karatun wutar lantarki a jami'a, kowa sai ya kwaso masa matacciyar rediyo ko tocila. Ga aikin kammala digiri ya ƙi ƙarewa: taswirar yadda wuta ke gudu zuwa Tsafe, Gusau da Bunguɗu, da lissafin abin da kowane gari ke sha.

"Wanga ɗigo fa?"

"Tsafe ce, Baba. Ɗazu na faɗa maka."

"Wanga zare fa?"

"Manyan wayoyin nan ne da suka ratsa ta saman gonarka."

Fuskar tsohon ta washe. Shekara da shekaru yana noma a gindin dogon ƙarfen da ke ɗauke da su, wayoyin na kuka a kansa, gidansa kuwa sai aci-balbal.

"Ashe muna ciki. To, nuna mini garinmu."

Ɗan ya haɗiye tsaki. "Ba a sa garin da ba ya shan wuta. Muna nan dai, tsakanin ɗigo biyun nan."

"Ai ga rubutu a wurin. Mi anka ce?"

Ɗan ya buɗe baki zai sallame shi, sai ya tsaya. Da hannunsa ya rubuta kalmar da Turanci, sunan wutar da ke salwanta a waya kafin ta isa gari, malaminsa har ya yaba, amma bai taɓa fassara ta ba sai yau.

A hankali ya ce, "Asarar hanya."