Sallamar Tasalla

Tun da aka kafa dokar goge muryoyin matattu, Malam Ɗanlami bai ƙara jona tsohuwar kwamfutarsa da intanet ba, domin muryar marigayiya matarsa, Tasalla, ce ke amsa masa sallama a ciki. Ranar da kwamfutar ta ƙi kunnuwa, ya rungume ta sai shagon Sagiru mai gyara.

"Ƙura kawai za ka kakkaɓe, ɗana. Ban da gwaninta."

Amma ɗan zamani ba ya jin bari. Da la'asar Sagiru ya tarbe shi da fara'a.

"Baba, har intanet na jona ta, na sabunta maka komai!"

Ɗanlami ya kunna, ya yi sallama. Wata baƙuwar murya mai ladabi ta amsa, ta tambaye shi sunansa.