Abin da Na'urar Ta Ji

Na'urar awon tururin nukiliya da ke hannunta ta fara ƙara tun daga zaure, ƙas-ƙas, kamar gyare a cikin tulu.

"Kashe abin nan," in ji baffanta. "Ajali ya ɗauki ubanki. Bokon naki ya isa haka."

Ba ta kashe ba. A jami'a, aikinta harba ƙwayoyi kan cibiyar zarra, ta gane halinta daga yadda suke tarwatsewa. Can ta koyi cewa abin da ido ba ya gani ma yana barin sawu. Ta dawo Arlit, garin masu haƙar yuraniyom, don ta gano abin da ya cinye mahaifinta, kafin ya gama da innarta, wadda ita ma tari ya kama.

Ta bi bango, ta bi tukwane da randa, ƙarar ba ta ƙaru ba. Tana shiga tsohon ɗakinta, na'urar ta haukace.

"Kar ki taɓa min shi," Inna ta ce daga bakin ƙofa. "Da dangi suka ce ɗiya mace ba ta lakwal, ba ta karatun boko, ubanki ya tsinto ƙarafan da aka zubar bayan ramin yuraniyom, ya ƙera miki teburin karatu da hannunsa. Tun tafiyarki a kansa muke cin abinci, don kewarki."

Ta dubi teburin da ta girma tana kifa ƙirji a kansa. Tari ya taso mata, ta haɗiye. Ta ɗaure mayafi a hanci.

"Baffa, kama wancan gefen, mu fitar da shi daga gidan nan."