Rijiyar Dankure

Na'urar gwajin ruwa ba ta san kowa ba, abin da Dakta Hanifa ta fi so game da ita ke nan. A zuba mata ruwa, ta haɗa shi da asid, ta bi da shi ta ƙananan bututu, ta ware sinadarai masu cutarwa, yuraniyom gefe, toriyom gefe, kowanne a 'yar kwalbarsa, sannan a auna. Ba ta gajiya, kuma ba ta da dangi a Argungu.

Munzali kuwa, mai ɗebo mata samfurin ruwa, yana da su.

Shi aka tura wani ƙauye bayan Gulma, a ƙasar Argungu, ya ɗebo ruwan rijiyoyin gidaje. Sakamako ya fito a ɗakin gwaji na Birnin Kebbi: duk rijiyoyin fes suke, kusan iri ɗaya kamar tagwaye, ban da ta gidan wani Malam Dankure. Yuraniyom ɗin da ke cikinta ya wuce abin da likita zai so a sha. Za a rufe ta da siminti.

Hanifa ta yi karatun kimiyyar ƙasa daidai gwargwado, ta san ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya tsayawa a bakin katanga. Rijiyar maƙwabci ba ta fi 'yan taku daga ta Dankure ba, amma ita fes take. Ta wanke bututun, ta sake gwaji. Na'urar ta maimaita maganarta.

Sai ta koma kan Munzali, wanda ke da makullin kabad ɗin sinadarai.

"Kun taɓa samun saɓani da Dankure?"

"Hajiya, wa ya rage bai samu ba? Ko tabarma bai shimfiɗa min ba. Sauran mutane ko, karamci kamar su cinye ni. Daga zaure nake miƙa kwalba, a kawo ta cike, har da fura."

Amsar ba ta taimake shi ba. Hanifa ta karɓe makullin, ta ce ya huta a gida tukuna. In ta tabbata shi ya zuba wani abu a kwalbar, ba aikinsa kaɗai zai rasa ba.

Ta tafi ƙauyen da kanta. Dankure ya kalle ta kamar wadda ta zo karɓar gonarsa, ya ja guga, ya cika mata kwalba ba tare da ya amsa gaisuwa ba.

A gidan maƙwabcin, da yake Hanifa mace ce, ba a tsayar da ita a zaure ba. Uwargidan, Inna Kulsumi, ta shimfiɗa mata darduma kusa da rijiya, inda jikoki ke shan ruwa a bakin guga. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta wuce rijiyar, ta shiga ɗaki, ta fito da ledar fiya wata tana fasa ta da haƙori.

"Inna, na rijiya nake so."

"Haba ɗiyata, ko wancan da ya zo wanga muka ba shi, mu duka. Garin ga Dankure kaɗai ka iya ba baƙo ruwan rijiya."