Rabon Gadon Wasan Taubasai

Laifinsa ɗaya, yanke hukunci da garaje, kuma baki shi ke yanka wuya.

Ranar suna, a tsakar gidan kawunsa, ɗalibin nan mai neman digiri na biyu kan al'adun mutane ya gyara zama, ya ce bincikensa ya kammala: wasan taubasai ya mutu a birnin Katsina, sai dai ko ƙauyukan bayan Batagarawa. Jibi zai kare maganar gaban malamansa, ita ce babi na biyar na kundinsa.

Babbar 'yar kawun ta ajiye ludayi. "Allah ya jiƙan wasa. To bawanmu, tashi mu raba gado."

Kafin ya ce uffan, hula ta bar kansa. Ƙannenta suka yi awon gaba da takalma, aka janye kwanon nama daga gabansa.

"Inna, ki tsawatar musu mana."

"Ba na shiga tsakanin bawa da iyayen gidansa," in ji mahaifiyarsa.

Shi ma dariya ta ci ƙarfinsa, har ya roƙa a maimaita ya ɗauka a waya.

Haka ya fita yana washe baki: babu hula, babu takalma, babu naman suna, babu babi na biyar.